Ƙanƙarar Girinland da daminar Marwa

Tun shekarar 2000 wata ƙungiya ta ƙasar Kanada mai suna Students on Ice, wadda Geoff Green ya kafa, ta fara ɗibar ɗalibai a jirgin ruwa tana kai su Antatika da ƙuryar arewacin duniya tare da masana kimiyya. Duk lokacin da hotunan irin wannan tafiya suka faɗo a Facebook, yara cikin rigunan sanyi ga tsaunin ƙanƙara a bayansu, hukuncin majalisun shayi na Garwa da Marwa, a arewacin Kamaru, ɗaya ne: shagalin 'ya'yan masu hannu da shuni. Wanda zafin watan Afrilu ke gasawa, me zai yi da labarin ƙanƙara?

Ni dai ina ganin ya kamata a ce da yaranmu a cikin jiragen nan, kuma dalilina damina ce.

Ruwan da muke shuka da shi daga tekun Atlantika iska ke ɗauko shi. Nisan da hadari zai yi zuwa arewa ya danganta da ɗumin arewacin tekun idan aka gwada da kudancinsa. In arewa ta yi sanyi, sai damina ta ja da baya ta bar mu. Dattawa ba su manta farin 1973 da na 1984 ba, lokacin da Tafkin Cadi, wanda ya kai kusan murabba'in kilomita 25,000 a farkon shekarun 1960, ya tsuke har ya koma kamar kashi ɗaya cikin goma. Masana da dama sun ɗora wani ɓangare na laifin a kan hayaƙin masana'antun Turai da Amurka, wanda ya tare rana ya sanyaya arewacin tekun. Yanzu kuma ƙanƙarar Girinland, babban tsibirin da ke can arewacin Atlantika, ce ke narkewa tana kwarara ruwan daɗi cikin tekun, abin da kan iya rage ƙarfin igiyar da ke kai ruwan ɗumi arewa. Wani bincike da aka wallafa a 2017 ya nuna cewa in narkewar ta yi sauri, ruwan Sahel zai iya raguwa ƙwarai, gonakin gero da dawa su tsuke. Wasu lissafe-lissafen kuwa ƙarin ruwa suke hangowa, ga kuma ambaliyar 2022 da 2024 da ta cinye unguwanni a Njamena da Yagwa. Ko ta ina abin ya karkata, manomin masakwa, dawar rani, a Diyamare, yankin Marwa, yana cikin lissafin, sai dai ba da shi ake zama a yi lissafin ba.

Tafiyar kanta ba yawon buɗe ido ba ce zalla. Mai zuwa Antatika galibi daga Ushuwaya ta Ajantina yake tashi, ya yi kamar kwana biyu yana ƙetare mashigin Drake, inda teku ke jijjiga jirgi har abinci ya gagari mutum. Kafin a sauka gaɓa sai an wanke takalma da magani, a zazzage aljihu kada ƙwayar ciyawa ɗaya ta bi mutum. Tsuntsun fengwin ba a matsa masa kusa da mita 5. A ƙaramin kwalekwalen roba ɗalibi zai jefa raga ya kamo 'yan mitsi-mitsin jatan landen da manyan dabbobin teku ke rayuwa a kansu, ya duba su a madubin ƙara girma, malamin da ya ƙare rayuwarsa a kan wannan fanni yana tsaye a kafaɗarsa. Zai ga da idonsa cewa abin da ya fito na tsaunin ƙanƙara kusan kashi ɗaya cikin goma ne, sauran yana ƙarƙashin ruwa. Yaron da ya yi haka ba zai sake haddace darasi kamar aku ba.

Masu suka na da gaskiyarsu. Kuɗin kujera ɗaya zai gyara azuzuwa, jirgin ma hayaƙi yake fitarwa, ga wahalar biza. Amma ɗalibai da yawa da tallafi suke zuwa, kuma ba a ba wanda bai nema ba. Akwai ma ƙofa mafi kusa: Afirka ta Kudu, ita kaɗai daga nahiyarmu cikin ƙasashe 12 da suka sa hannu a yarjejeniyar Antatika a 1959, tana da jirgin bincike S.A. Agulhas II da ke tashi daga Kef Tawun, kuma yana ɗaukar ɗaliban jami'a. Jami'o'in Marwa, Ngaundere da Njamena su nemi haɗin gwiwa, ko kujera biyu ce a shekara.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne, salon karatun nan bai buƙatar teku. Wasu tsuntsayen da ke ƙyanƙyasa a arewacin Rasha a fadamun kogin Logon suke cin rani. Garwa na da makarantar horar da masu kula da namun daji tun 1970, ɗalibai na zuwa mata daga ƙasashen Afirka da dama, amma ɗan lise, wato sakandare, da ke unguwa ɗaya da ita sai ya gama bakaloriya bai taɓa riƙe madubin hangen nesa ba. Gandun dajin Waza yana da matsalar tsaro, an sani. To tafkin Maga fa, ko madatsar Lagdo? Mota ɗaya, malamin kimiyya, jami'in gandun daji, da kwana biyu a watan Janairu lokacin da tsuntsayen ke nan, kuɗin bai fi ƙarfin ƙungiyar iyayen yara da magajin gari ba.