Kafin Ka Ce wa Kaka Ƙarya Take Yi

Ƙanina ya dawo hutu daga jami'a, ya tarar da Kaka zaune kan tabarma tana ba jikoki labarin Bayajidda. Ta kai daidai inda baƙon ya jefa guga cikin rijiyar Kusugu ke nan, sai ya tari numfashinta: "Haba Iya, wai maciji ya hana gari guda ruwa sai ran Juma'a? Ai wannan ƙarya ce." Tsohuwa ba ta tanka ba, ta gyara mayafi ta ce yara su je su kwanta. Abin ya ci min rai, shi ya sa nake so mu yi magana, samari.

Ku lura, tatsuniya da bakinta take tona kanta. Mai ba da ita yakan rufe da "ƙurunƙus, ba don Gizo ba da na yi ƙarya." Labarin asali kuwa kaya ne da magabata suka ɗaure cikin ƙunshi don kada ya ɓace a zamanin da ba a rubutu. Ku kwance ƙunshin ku duba. Daura mata ne ke sarautarta, sai baƙo ya auri Magajiya Daurama, daga nan mulki ya koma hannun maza. Ɗansu Bawo ya haifi waɗanda aka ce sun kafa Daura, Kano, Katsina, Zazzau, Gobir da Rano, aka haɗa da Biram suka cika bakwai. Wato garuruwan da suka sha gwabza yaƙi da juna ana tuna musu cewa tsatsonsu ɗaya. Har maƙeran Gaya labarin bai manta da su ba, su suka ƙera takobin da Bayajidda ya kashe macijin da shi. Wannan kuke kira shirme?

Kuma ba mu kaɗai ba ne. Rumawa sun ce kyarkeciya ce ta shayar da Romulus, wanda ya kafa birninsu a shekara ta 753 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), har yau gunkinta na nan a Roma, babu Ba'italiyen da ke jin kunyarsa. Yarabawa suna da labarin kakansu Oduduwa da garin asalinsu Ile-Ife.

Sai dai a yi hattara, wahayi daban, almara daban. Lokacin da Nadru ɗan Harisu yake tara mutanen Makka yana ba su hikayar jaruman Farisa Rustum da Isfandiyar don ya janye su daga Alƙur'ani, gwama biyun yake son yi, kuma "tatsuniyoyin mutanen farko" ita ce kalmar da mushrikai suka jefi Littafin da ita. Malamanmu kuwa sun ware labaran Isra'iliyyat, wato na Yahudu da Nasara, suka ce waɗanda shari'a ta yi shiru a kansu a ba da su, ba a gaskata ba a ƙaryata.

Akwai kuma masu wuce gona da iri ta ɗaya ɓangaren, su ɗauki "Banza Bakwai", sunan da labarin ya ba wasu ƙasashe bakwai da ba na zuriyar Daurama ba, su mayar da ita makamin gori ga Nufawa ko Kabawa a Facebook, kamar suna wurin aka yi. Su ma ba su fi ƙanina fahimta ba.

Washegari na sa shi ya je ya durƙusa ya ba Kaka haƙuri. Ta yi dariya ta ce, "To ɗan boko, ka san sunan tsohuwar da ta sauki Bayajidda?" Ya yi ta sosa ƙeya. Wata jikarta 'yar shekara bakwai ce ta amsa daga bakin ƙofa: "Ayana."