Alamar tauraro a takardar izini

Tun da na bar gida na zo aiki ƙasar waje, abin da ya fi ba ni kunya idan na tuna tsohon wurin aikina shi ne yadda muke riƙe kalmomin sirri. Ta rumbun bayananmu tana cikin wani fayil a kwamfutar shugaban sashe. Sabon ma'aikaci ya zo, a tura masa ta WhatsApp. Wani ya ajiye aiki, ba mai tunanin canza ta, don ai mutumin kirki ne. Kuma da gaske mutanen kirki ne, sai dai wayar mutumin kirki ma tana ɓata.

Inda nake yanzu, kalmomin sirri da mabuɗai suna cikin AWS Secrets Manager, ma'ajiyar da AWS, sashen Amazon mai ba kamfanoni hayar kwamfutoci ta intanet, ya fito da ita a 2018. Manhajar da ke buƙatar kalmar ita ke zuwa ta karɓa, da matsayin da aka ba ta a IAM, wato tsarin AWS mai raba izini, mu injiniyoyi ko ganinta ba ma yi. Tsarin ba ya kara: abin da ba a rubuta an yarda da shi ba, a hane yake, kuma idan an rubuta hani ƙarara, to ya danne kowane izini. Ga CloudTrail, littafin da AWS ke ajiyewa, yana rubuta wanda ya nema da lokacin da ya nema.

Ranar farko da na nemi wata kalma tsarin ya ƙi ba ni, raina ya ɓaci, na ɗauka ba a yarda da ni ba ne. Daga baya na gane ni aka rufa wa asiri. A da, in wani abu ya lalace, duk wanda ya taɓa ganin fayil ɗin nan abin zargi ne, sai rantse-rantse da kallon juna. A nan littafi ake buɗewa.

To amma kada a ɗauka mutanen nan sun fi mu tsantseni. Suna da nasu lalacin, kuma alamar tauraro (*) ce. A takardar izini akwai gurbin da za ka rubuta sunan sirrin da aka yarda manhaja ta karanta. Ka sa tauraro a gurbin, ka ba ta duka ke nan. Injiniya yana gaggawa, aiki ya ƙi tafiya, sai ya sa tauraro ya ce gobe zai gyara. An sayi akwatin ƙarfe, an raba wa kowa makulli. A ganina wannan ya fi fayil ɗinmu na da haɗari, don mu ko ba komai mun san a buɗe muke, su kuwa suna barci da tunanin sun kulle.

Manyan kamfanoni ma ba su tsira ba. A 2016 ɓarayi sun tsinci mabuɗan AWS na Uber a ma'ajiyar kamfanin da ke GitHub, shafin da injiniyoyi ke ajiye rubutun manhajojinsu, suka kwashe bayanan mutum miliyan 57. Wannan irin laifinmu na da ne, ajiye makulli inda bai kamata ba. Na bankin Capital One a 2019 kuwa irin na nan ne: an samu kafa ta wata saba, wato kwamfutar da ke gudanar da manhajar bankin, kuma izinin da ke hannun sabar ya isa a kwashi bayanan mutum fiye da miliyan 100.

Shi ya sa da aka sa ni duba takardun izinin abokan aiki nake taurin kai. Manhaja ɗaya, matsayi ɗaya, sunan sirrin a rubuce, izinin karantawa kawai ban da gogewa ko canzawa. Makon jiya na mayar wa wani abokin aikina da tasa saboda tauraro. Ya ce ai na wucin gadi ne. Na buɗe tarihin takardar, ashe tun kafin in zo kamfanin tauraron yake wurin.