Famfon da ba ya hutawa

Assalamu alaikum 'yan'uwa.

Allah Maɗaukakin Sarki Ya ce a Suratuz Zariyat, aya ta 21: "Kuma a cikin kawunanku, shin ba kwa gani?" To, mu ɗan duba mu gani.

Kowace ƙwayar halitta a jikinka tana lulluɓe da wani tantani na maiƙo, kaurinsa bai wuce nanomita 10 ba (nanomita ɗaya kashi ɗaya ne cikin miliyan na milimita). Iskar oksijin tana ratsa shi kai tsaye, amma gishiri da sukari ba su da wannan damar, sai sun bi ta ƙofofi na furotin da aka dasa a jikin tantanin, kowace da abin da take bari ya wuce.

Wanda ya fi ba ni mamaki a cikinsu shi ne wanda wani masani ɗan ƙasar Danmak, Jens Skou, ya gano a shekarar 1957 yana bincike a kan jijiyoyin ƙaguwa, har aka ba shi lambar yabo ta Nobel a 1997. Famfo ne. Duk juyi ɗaya sai ya fitar da sodiyam 3 waje, wato sinadarin da ke cikin gishiri, ya shigo da 2 na wani sinadarin da ake kira fotasiyam. Dalili kuwa, sodiyam ya fi yawa a waje, kullum yana silalowa ciki kaɗan-kaɗan ba tare da an gayyace shi ba. Fitar da shi ne mai tsada, don sai an ƙona makamashi. Kana barci yana aiki, kana sallah yana aiki, kana saɓon Allah ma yana aiki, subhanallah. A ƙwaƙwalwa, kaso mai yawa na makamashinta a nan yake tafiya.

Idan jini ya yanke wa wani sashe na ƙwaƙwalwa, kamar yadda ake samu a shanyewar ɓarin jiki, makamashi ya ƙare, famfon ya tsaya. Sodiyam ya kwararo ciki, ruwa ya biyo shi, ƙwayar ta kumbura, cikin 'yan mintuna ta fara mutuwa. Ba wani dafi aka zuba mata ba. Abin da ke kewaye da ita kullum ne ya cika ta.

Ɗan'uwa, 'yar'uwa, haka zuciya take. Gulma, hassada, hoton da bai kamata ido ya gani ba, zagin da aka saba da shi a Facebook har ya daina yi mana nauyi, duk ba sa neman izini. Wayar tana hannunka, suna shiga. Shi ya sa nake jin tsoron maganar nan ta "ai ni na tuba tun bara". Bara ka fitar da na bara, na yau fa?

Muslim ya ruwaito cewa Manzon Allah (SAW) yana neman gafarar Allah sau 100 a rana, shi da aka gafarta masa abin da ya gabata da wanda zai zo. Mu kuwa sai mun yi babban laifi muke tuna istigfari, wani lokacin ma sai an kama mu.

Kuma ka lura, famfon ba fitarwa kawai yake yi ba, yana shigarwa. Bayan Asuba, kafin ka buɗe waya, ka yi istigfari, ka yi azkar ɗinka, ka karanta ko da shafi ɗaya na Alƙur'ani. Da dare kuma ka duba waɗanda kake bibiya, wanda ka san gulma yake kawo maka ka cire shi.