Allon da ke ƙofar gidan maƙwabcina a Iowa

Maƙwabcina a Des Moines, babban birnin jihar Iowa ta Amurka, dattijo ne, tsohon direban babbar mota, ɗan jam'iyyar Republican tun ƙuruciya, ba ya fashin coci. A nan mutum kan kafa ɗan allo a ciyawar ƙofar gidansa ɗauke da sunan ɗan takarar da yake so. A tsakiyar 2023 nasa na Ron DeSantis ne, gwamnan Florida, mai neman jam'iyyar ta tsayar da shi takarar shugaban ƙasa. Dab da Kirsimeti na fito zan tafi aiki, sai na ga sunan Nikki Haley, tsohuwar gwamnar South Carolina, a wurin. Na ce, "Baba, lafiya? Ina gwamnan naka?" Ya ce ya saurare ta a muhawara, ta fi gamsar da shi kan bashin da ya yi wa ƙasar katutu. Sannan ya ƙara da cewa, "Ku kam na ji wakilai ake saye a ƙasarku."

Maganar ta sosa mini rai. Na shiga mota ban ba shi amsa ba.

Ranar 15 ga Janairu 2024 ya ce in raka shi taron zaɓen fidda gwani na jam'iyyarsu in gani da idona. Sanyin daren nan ya kai wajen digiri 20 ƙasa da sifili, har gashin hanci daskarewa yake. Amma ƙarfe bakwai ɗakin wasannin wata makarantar firamare ya cika: tsofaffi da sanduna, mata da yara a hannu, kowa cikin jibgegiyar riga. Kowane ɗan takara mutum ɗaya ya tashi ya yi masa magana ta 'yan mintuna, aka raba gutsattsarin takardu, kowa ya rubuta suna ya jefa a kwali, aka zazzage a kan tebur aka ƙirga a gaban jama'a. Babu ɗan sanda ko ɗaya a ƙofa. Wata mata a gefena ta ce da DeSantis ta baro gida, da Trump za ta koma.

A jihar baki ɗaya Trump ya samu kusan kashi 51, DeSantis 21, Haley 19. Ku dubi wannan: DeSantis ya taka duk gundumomi 99 na jihar, gwamnar jihar Kim Reynolds ta mara masa baya, haka ma Bob Vander Plaats, jagoran masu ra'ayin riƙau na coci, amma ko gunduma ɗaya bai ci ba. Gwamna guda ta nuna hanya, mutanenta suka ƙi bi! Haley ta ci gunduma ɗaya, Johnson, da ratar ƙuri'a ɗaya tak.

Ba sai na ba ku labarin zaɓen fidda gwani na 2022 a Najeriya ba. Kun ga yadda Tambuwal ya hau mumbari ya janye wa Atiku, kun ga jerin waɗanda suka janye wa Tinubu a Eagle Square. Babba ya juya, wakilai sun juya. Wa ya tambayi mai shayin unguwarmu da ke ɗauke da katin jam'iyya shekara ashirin?

Kada a ce Amurkawa waliyyai ne. Sama da dala miliyan ɗari aka zuba a tallace-tallace a Iowa kaɗai, har talabijin ta gundure mu. Manyansu ma sun iya durƙusawa: Vivek Ramaswamy, ɗaya daga cikin 'yan takarar, ya janye wa Trump a daren, DeSantis ya bi bayan kwana shida, duk da shekarar da Trump ya kwashe yana yi masa laƙabin wulaƙanci. Kuma mu ma muna da mutanen da kuɗi bai taɓa juya su ba. Mahaifina da katin PRP na Malam Aminu Kano ya koma ga Allah, bai taɓa karɓar ko sisi ba. Wannan ce amsar da na so in ba Baba a ranar, harshena ya yi nauyi.

Sai dai mahaifina bai taɓa riƙe takardar da maƙwabcina ya riƙe a daren nan ba. Ni ma haka. A nan ba ɗan ƙasa ba ne ni, a bayan ɗaki na tsaya ina kallo. A gida kuma har yau doka ba ta ba mu mazauna waje damar ƙuri'a ba. Katin zaɓena yana cikin akwati a ɗakin Hajiya a Kano, ita take goge masa ƙura.