Jack Elam, yaron bos da ba a biya shi haƙƙinsa ba

Duk wanda ya taso da kallon finafinan kaboyi ya san fuskar nan ko da bai san sunan mai ita ba: dogon mutum mai gemu buzu-buzu, ido ɗaya na kallonka, ɗayan ya karkace gefe. Jack Elam ke nan, kuma ni a ganina an tauye shi.

An haife shi a jihar Arizona ta Amurka a 1920. Yana ɗan shekara 12 wani yaro ya tsokane masa idon hagu da fensir, idon ya mutu. Da ya girma ma ba wasa ya fara ba. Akawu ne, yana riƙe wa kamfanonin fim lissafin kuɗi a Hollywood, kafin ya tsallaka gaban kyamara. Idon da ya kamata ya hana shi shiga harkar, shi ya zama jarinsa.

Shekara da shekaru aikinsa ɗaya ne: ya fito a mugu, ya tayar wa mutane da hankali, akta ya harbe shi. Haka ya yi ta mutuwa a sinima, haka a talabijin, a shiri irin su Gunsmoke.

Amma ku koma ku kalli farkon fim ɗin Once Upon a Time in the West na 1968. 'Yan bindiga uku ne zaune a tashar jirgin ƙasa suna jiran wanda za su kashe, kusan babu mai cewa uffan. Ƙuda ya sauka a fuskar Elam, wanda ke cikinsu. Ya hura masa iska, ya motsa leɓe, ƙudan ya ƙi tashi. Daga ƙarshe ya ritsa shi a cikin bakin bindigarsa, ya toshe da yatsa, ya kara a kunne yana sauraron kukansa. Wallahi daga nan kaɗai ka san irin zuciyar mutumin. Charles Bronson, aktan fim ɗin, na sauka daga jirgi ya bindige su, amma tsoron da Elam ya dasa mana shi ya sa muka yarda Bronson namiji ne.

A 1969 Elam ya juya zuwa barkwanci a Support Your Local Sheriff, ya kuma iya. Ya rasu a 2003, ba a taɓa ko sa sunansa a takarar Oscar, babban kambun finafinan Amurka, ba. Wannan yana ci min rai, domin na ga jarumai da yawa da aka ba kambun waɗanda ba za su iya riƙe mai kallo minti biyar ba tare da sun buɗe baki ba.