Wankin ƙoda ya sauko zuwa naira 12,000, amma talaka bai huta ba

A 2025 gwamnatin tarayya ta sanar da rage kuɗin wankin ƙoda a wasu asibitocinta daga naira 50,000 zuwa 12,000. Na yi murna ƙwarai, domin duk wanda ya taɓa zaman jinyar mai wannan ciwo ya san yadda yake cinye gida: a sayar da gona, a sayar da shanu, daga ƙarshe a koma neman taimako a masallacin Juma'a.

To amma mu yi lissafi. Wanda ƙodarsa ta daina aiki yana buƙatar wanki sau uku a mako, kowane zama kusan awa huɗu. Naira 36,000 ke nan a mako, sama da 140,000 a wata, alhali mafi ƙarancin albashi 70,000 ne. Ba a sa kuɗin mota daga ƙauye ba, balle allurar ƙara jini da sauran magunguna. Shi ya sa za ka ga majinyaci ba ya zuwa sai ƙafa ta kumbura, numfashi ya fara gagararsa.

Kuma wanki ba ya warkar da ƙodar da ta daɗe tana lalacewa. Wadda ta tsaya farat ɗaya, sanadin amai da gudawa ko zubar jini wajen haihuwa, takan farfaɗo idan an kai asibiti da wuri. Amma wadda hawan jini ko ciwon suga suka ci shekaru suna cinyewa, mafitarta dashe. Asibitin Koyarwa na Aminu Kano yana dashen ƙoda tun 2002, ke nan ƙwararru muna da su. Inda gizo ke saƙar shi ne bayan aikin: dole mutum ya sha maganin hana jiki ƙin sabuwar ƙodar har ƙarshen rayuwarsa. Ɗan'uwa ya ba da ƙodarsa, dangi su haɗa miliyoyi, sannan rashin kuɗin magani ya mayar da hannun agogo baya! A ganina inshorar lafiya ce ya kamata ta ɗauki nauyin wannan magani gaba ɗaya.

Sai kuma mataki mafi araha, wanda muka fi sakaci da shi. Awon hawan jini, da gwajin fitsari da na jini, su ke tona ciwon tun bai nuna alama ba. Leburan da ke haɗiyar diclofenac kullum don ciwon jiki bai san ƙodarsa yake ƙonawa ba, mai kemis kuma ba zai faɗa masa ba. A Gashuwa ta Jihar Yobe, inda aka shafe shekaru ana kuka da yawan masu ciwon ƙoda, ya dace a ce duk baligin da ya shiga asibitin sha-ka-tafi, ko da zazzaɓi ya kawo shi, an yi masa gwajin fitsari kyauta kafin ya fita.