Dala goma ce ta raba Meucci da haƙƙinsa

Kun dai ji abin da ya faru a gasar kacici-kacicin ɗalibai da aka sa a rediyo. An tambayi yarinya wa ya ƙirƙiro wayar tarho, ta ce Antonio Meucci, alƙalin gasa ya ce ta faɗi, aka ba wanda ya ce Alexander Graham Bell maki. Wallahi abin ya ƙona min rai. Yarinyar nan ta yi karatun da mai tambayar bai yi ba, aka kunyata ta a bainar jama'a.

Meucci mutumin Italiya ne, an haife shi a Florence a 1808. Ya yi aiki a gidan wasan kwaikwayo a Havana, daga nan ya koma Staten Island da ke New York a 1850. Ciwon gaɓɓai ya kwantar da matarsa Ester, sai ya ja waya daga ɗakinta zuwa wurin aikinsa don su riƙa jin muryar juna. A shekarun 1850 ke nan fa, lokacin Bell yana ɗan yaro a Edinburgh.

To me ya hana shi? Talauci. A watan Yulin 1871 tukunyar jirgin ruwan Westfield ta fashe yana ciki, ya ƙone, jinya ta cinye ɗan abin da yake da shi. Duk da haka a Disambar wannan shekarar ya shigar da takardar sanar da ƙirƙirarsa a ofishin rajista, domin kuɗin cikakkiyar rajista ya fi ƙarfinsa. Ita wannan takarda duk shekara sai an sabunta ta da dala goma. Bayan 1874 ya kasa. Dala goma, jama'a! A ranar 7 ga Maris 1876 aka ba Bell rajistarsa.

Na san za a ce takardar Meucci ba ta fayyace yadda lantarki ke ɗaukar murya ba, kuma kotu a 1887 ta ba kamfanin Bell gaskiya. Na ji. Tsoho baƙo, Turancinsa bai nuna ba, aljihunsa wayam, a gabansa kuma kamfani mai rundunar lauyoyi: wane hukunci kuke jira? Ban ce Bell bai yi aiki ba, ya yi. Amma shi yana da masu kuɗi a bayansa, Meucci kuwa dala goma ta gagare shi. Majalisar Wakilan Amurka da kanta, a ƙudurinta na 11 ga Yuni 2002, ta ce da ya iya biyan kuɗin nan da ba a ba Bell rajista ba. Kwana goma bayan haka majalisar Kanada ta tashi ta jaddada cewa Bell ne. Maganar da majalisun ƙasashe biyu suka saɓa a kanta, ita ce alƙalin gasa zai yanke wa yarinya da kalma ɗaya?

Meucci ya rasu a 1889 ba shi da komai.

Wani abin da ya tsaya min ma shi ne gidansa. Garibaldi, jarumin haɗa kan Italiya, a wurin Meucci ya sauka lokacin da yake gudun hijira, har ya taya shi aikin kyandir a ƙaramar masana'antarsa. Yau gidan ya zama gidan tarihi, sunansa Garibaldi-Meucci, sunan baƙo a gaba, na mai gida a baya.